Adana Takardun Masu Zanen da Suka Koya wa Kansu

Tun daga shekarun 1980 gidajen adana tarihi a Amurka suka ƙara himma wajen tattara wasiƙu da littattafan rubutun masu zanen da ba su taɓa shiga makarantar zane ba. Babban dalili shi ne tashin darajar aikinsu. Baje kolin da gidan zane na Corcoran ya shirya a Washinton a 1982 kan zanen baƙaƙen fata da suka koya wa kansu ya ja hankalin masana, sannan kasuwar Outsider Art Fair da aka buɗe a New York a 1993 ta ƙaro masu saye. Da kuɗi suka shigo, sai aka fara neman shaidar wanda ya yi zane da lokacin da ya yi shi. Wanda ya yi makaranta yakan bar suna a rajista da jaridu, amma wanda bai yi ba, sau da yawa takardun ɗakinsa kaɗai ne shaidarsa.

Amfanin ya fito fili a kan mai zane Horace Pippin, wanda ya rasu a 1946. Cibiyar Archives of American Art, wadda aka kafa a Detroit a 1954 kafin ta koma ƙarƙashin Smithsonian a 1970, tana riƙe da littattafan da ya rubuta labarin Yaƙin Duniya na Ɗaya da hannunsa, har da zanen sojoji a fagen fama. A yaƙin ne harsashi ya nakasa masa hannun dama, shi ya sa yakan tallafe shi da na hagu in zai yi zane. Yanzu an sa littattafan a intanet, mai bincike yana jin labarin daga bakin mai shi maimakon bakin dillali.

Sai dai lamarin yana da gefe mai wuya. Henry Darger, mai zane kuma mai shara a asibitocin Chicago, ya bar rubutu sama da shafi 15,000 da maigidan hayarsa ya tarar gab da rasuwarsa a 1973, bai kuma bar wasiyyar yadda za a yi da shi ba. Rikicin mallakar aikin ya kai kotu a 2022. Haka kuma taskar takardu tana fifita mai iya rubutu. Bill Traylor, wanda aka haifa cikin bauta a Alabama, ya bar zane fiye da 1,000, yawanci a kan kwali, amma bai yi karatu ba, don haka mafi yawan labarin zamansa a Montgomery ya zo ne ta bakin Charles Shannon, mai zanen da ya adana aikinsa.