Gubar da ke Cikin Rogo da Yadda Ake Fitar da Ita

Ya kai ɗan'uwa manomi, wataƙila ka taɓa jin labarin gidan da aka ci tuwon alabo da dare, kafin asuba yara suna ta amai, manya kuma jiri na ɗibarsu. Ko kuma akuyar da ta sha ruwan da ya tsiyaye daga buhun gurzajjen rogo, ba a jima ba ta faɗi tana shure-shure. A irin wannan hali akan yi saurin zargin sammu ko hannun maƙiyi, alhali kuwa abin da ya yi ɓarnar tare da rogon ya fito daga gona.

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, tana samar da kimanin tan miliyan 60 a shekara, kuma miliyoyin jama'a na cin garin kwaki da alabo da dafaffen rogo kullum ba tare da wata illa ba. Abin da ke kare su shi ne jiƙo da gurza da matsa da suya, waɗanda iyaye mata suka gada. Matsala tana aukuwa ne idan aka gajarta kwanakin wannan aiki saboda yunwa ko saurin kai kaya kasuwa.

Inda gubar take

Kowane irin rogo, mai zaƙi da mai ɗaci, yana ɗauke da wani sinadari da ake kira linamarin a saiwa da ɓawo da ganye. A wani ɓangare dabam na ƙwayoyin halittar shukar kuma akwai wani sinadarin mai suna linamares, wanda aikinsa shi ne farfasa na farkon. Muddin rogo na nan lafiyayye, biyun ba sa haɗuwa, tamkar ashana da kananzir da aka ajiye a ɗakuna dabam-dabam. Da zarar an gurza, ko an daka, ko ƙwaro ya ciza, sai su gauraya, su haifar da guba mai suna sayanayid. Da wannan makami ne shukar ke kare kanta daga ƙwari da dabbobi.

Sa'ar da aka yi ita ce, wannan guba ba ta son zama. Tana narkewa cikin ruwa, kuma da zafi ya kai digiri 26 a ma'aunin Salshiyos sai ta zama iska ta tashi. Ke nan duk hikimar sarrafa rogo ba ta wuce abu biyu ba: a bai wa sinadaran nan dama su haɗu tun rogon yana waje, sa'an nan a bai wa gubar hanyar fita ta ruwa ko ta iska. In ba a yi haka ba, linamarin zai shiga ciki yadda yake, ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji su farfasa wani kaso nasa, gubar ta fito a inda ba ta da mafita sai jini.

Rogo mai zaƙi shi ne wanda gubarsa ba ta kai miligiram 50 a kilo ɗaya na ɗanyen rogo ba, kuma yawancinta a ɓawo take. Mai ɗaci kan kai miligiram 400 ko fiye, kuma ta ratsa saiwar baki ɗaya. Sai dai a kula, harshe ba ma'auni ba ne. Irin da aka saba dafawa a ci lafiya zai iya tara guba mai yawa a shekarar fari ko a ƙasar da ta gaji. Abin takaici, a irin wannan shekara ce kuma mutane suka fi gaggawar ci.

Abin da take yi wa jiki

Sayanayid tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar da muke shaƙa. Jini na ɗauke da iskar, amma jiki ya kasa cin moriyarta. Sa'o'i kaɗan bayan cin abincin sai ciwon kai da jiri da amai da ciwon ciki su taso, numfashi ya riƙa sauri. In abin ya yi tsanani a kai ga jijjiga da suma, har da rasa rai. Yara ne suka fi shiga haɗari saboda ƙanƙantar jikinsu. A shekarar 2017, a gundumar Kasese ta ƙasar Yuganda, mutum 98 suka kwanta bayan cin garin rogon da ba a sarrafa sosai ba, 2 daga cikinsu suka rasu.

Jiki yana da tasa dabarar. Hanta takan haɗa gubar da sinadarin farar wuta, ta mayar da ita wani abu mai sauƙin illa wanda ke fita ta fitsari. Ita farar wutar daga abinci mai gina jiki ake samunta: ƙwai, kifi, nama, madara, gyaɗa, wake da waken suya. Shi ya sa mutum biyu za su ci daga gari ɗaya, wanda miyarsa ke da kifi ya tashi lafiya, wanda ya yi makonni ba ya cin komai sai rogo ya kwanta. Mai sayar da dafaffen rogo da ke barbaɗa masa garin ƙuli-ƙuli yana yin abin da ya dace, ko da bai san dalili ba.

Akwai kuma illar da ke zuwa a hankali. Abin da hanta ta mayar da gubar yana hana maƙogwaro ɗaukar sinadarin ayodin, don haka maƙoƙo kan ƙaru inda ake yawan cin rogo ba a amfani da gishiri mai ayodin. A shekarun 1960 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya yi nazarin wata cutar jijiyoyi a yankin Ijebu da Epe, mai sa ƙafafu su mutu, tafiya ta zama tangaɗi, gani da ji su ragu, ya kuma danganta ta da daɗewa ana cin rogon da bai tsimu sosai ba. Mafi muni ita ce cutar konzo, wadda aka fara bayyanawa a Kwango a 1938, daga baya ta ɓarke a arewacin Mozambik lokacin farin 1981, inda ta kama mutum fiye da 1,000. An same ta har a gabashin Kamaru. Tana shanye ƙafafu farat ɗaya, yawanci na yara da mata masu haihuwa, kuma ba ta warkewa.

Kwanakin da ba a ragewa

Hanyar garin kwaki ce ta fi kowace fitar da guba, in an bi ta daidai. A ɓare rogo, a wanke, a gurza, a zuba a buhu a danne da nauyi na kwana 3 zuwa 4, a tankaɗe, a soya har ya bushe ƙarau. Gurzawa ce ke haɗa sinadaran nan biyu, matsa ta fitar da ruwan guba, suya ta kori sauran. Abin da kan rage bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Garin da aka gurza da safe aka soya da yamma ya tsallake rabin aikin, komai kyawun idonsa. Wurin suya kuma ya kasance a fili ko rumfa mai iska, domin gubar da ke tashi daga kasko hancin mai suya take fara samu.

Ga masu alabo, a jiƙa ɓararren rogo cikin ruwan da ya rufe shi na kwana 3 zuwa 5, har sai ya yi laushin da za a iya murje shi da hannu. Lokacin sanyin hunturu yakan buƙaci ƙarin kwana. A zubar da ruwan, a marmasa, a shanya a kan tabarma ko dandamali. Yanka ɗanyen rogo mai ɗaci a shanya kawai, kamar yadda ake gani a gefen kwalta, yakan bar kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na gubar. Ƙa'idar abinci ta duniya ba ta yarda garin rogo ya wuce miligiram 10 a kilo ba.

Dafuwa ta rogo mai zaƙi ce kaɗai. Tafasa tana kashe linamares tun bai gama aikinsa ba, saboda haka abin da ruwa ya wanke ne kawai ke fita. A ɓare, a yanka ƙanana, a dafa cikin ruwa mai yawa da tukunya a buɗe, a zubar da ruwan. Kada a bar yara su ci ɗanye a gona.

Malamin gona, ga wata dabara da ya kamata ka koya wa mata don alabon kasuwa da ba a san yadda aka yi shi ba. Wani masani ɗan Ostareliya, Howard Bradbury, shi ya fito da ita, kuma an yi amfani da ita wajen dakatar da konzo a ƙauyukan Kwango. A zuba gari a kwano, a yi alama inda ya tsaya, a riƙa zuba ruwa ana juyawa har jiƙaƙƙen garin ya dawo daidai alamar. A baza shi a faifai, kaurinsa kada ya wuce santimita 1, a bar shi awa 5 a inuwa ko awa 2 a rana, a tuƙa a ranar. Ba ta yi wa garin kwaki aiki sosai, domin suya ta riga ta kashe linamares.

Dabbobi ma a kiyaye su. A haƙa rami don ruwan matsa, nesa da rijiya da rafi, a killace shi. Ɓawo da ganye a shanya su har su bushe kafin a bai wa awaki da shanu. Makiyayi ya san gyauron dawa na kashe saniya: wannan gubar ce dai, kuma haɗarin ya fi yawa in tsiron bai kai santimita 60 ba ko fari ya taɓa shi.

Idan mutanen gida suka fara amai da jiri bayan cin abincin rogo, manja da madara ba makari ba ne, kada a ɓata lokaci a kansu. A garzaya asibiti da duk wanda ya ci, har wanda bai nuna alama ba tukuna, a gaya wa likita abin da aka ci da lokacin da aka ci. A tafi da ragowar tuwon da garin, kuma kada kowa ya ƙara taɓa buhun har sai an bincika shi.