Dokar Kare Namun Daji da Mutanen da Ba A Yi Shawara da Su Ba

Duk wanda ya san Tudun Wadar Zariya a shekarun 1970 zai iya tuna yadda ungulu ke jeruwa a kan rimaye da katangun kwata, tana jiran mahauta su gama fiɗa. A yau yaro yakan girma a unguwar bai taɓa ganinta da idonsa ba. A shekarar 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sanya wannan ungulu ta gida cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Hasarar kuwa ba ƙarama ba ce, domin ungulu ce ke kawar da mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta.

Ba za a ce rashin doka ne ya jawo haka ba. Tun a 1900 yarjejeniyar da Turawan mulkin mallaka suka tsara a Landan ta ambaci ungulu cikin tsuntsayen da ya kamata a kare saboda amfaninsu. A 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Dokar Namun Daji. A 1985 Gwamnatin Soja ta fito da Doka mai lamba 11 kan cinikin dabbobin da ke neman ƙarewa, aka kuma tsananta tararta a 2016.

Illar ita ce yadda aka yi dokokin. An tsara su a ofis, cikin Turanci, sa'an nan aka aiko da su ƙasa. Ta 1985 ma ba ta bi ta wata majalisa ba, balle a ji ta bakin talaka. Alhali kuwa waɗanda makomar ungulu ke hannunsu sanannu ne: maharbin da ke kama ta, da mai maganin gargajiyar da ke sayen kanta da gashinta, da mahaucin da take ci a gindinsa, da makiyayin da wani lokaci yakan sa wa mushe guba don kura ko karnuka, ungulu ta ci ta mutu. Kowane rukuni daga cikinsu yana da shugaban da yake jin maganarsa, kamar Sarkin Baka da Sarkin Pawa da Arɗo. Wanda aka hana masa hanyar abinci ba tare da an ji uzurinsa ba, sai ya koma yi a ɓoye.

Jamhuriyar Nijar ta nuna cewa akwai wata hanya. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, ba su wuce 50 ba. Ban da hani, sai aka jawo manoman yankin cikin aikin: aka ɗauki 'ya'yansu su zama jagororin baƙi, aka haƙa rijiyoyi, aka ba da ƙananan rance. Yawan dabbobin ya haura 600, har a 2018 aka kwashi 8 zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi.

Darasin a nan kashi uku ne. Na farko, a zauna da masu ruwa da tsaki tun ana rubuta doka, ba bayan an sa mata hannu ba. Na biyu, a fassara ta cikin Hausa, a karanta ta a rediyo da kasuwa da zauren mai unguwa. Na uku, a ba shugabannin sana'o'i rabonsu na tsaron dokar, a kuma taimaki masu magani su koma ga tsirran da za su maye gurbin sassan ungulu.

Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Kongo, maƙwabtan Tudun Wada, ga kuma kwata da rumfunan masu magani ba nisa. Ranar da masanin doka da mahauci da mai magani suka zauna a tabarma ɗaya, ranar ce dokar za ta fara aiki. Hausawa dai sun ce da ɗan gari akan ci gari.