Kwamfutar da ke suma ran Alhamis

A wani shagon haɗa bidiyon biki a Gumel akwai kwamfutar da ba ta suma sai ran Alhamis. Sauran ranaku lafiya lau take aiki, ko a watan Afrilu da zafin arewacin Jigawa ke haura digiri 40. Amma ran Alhamis, ana tsakiyar haɗa fim, sai ta mutu ɗif. Haka aikin wata amarya 'yar Ɗanzomo ya lalace, mai shago ya sha kunya, har maƙwabta suka fara cewa a nemi taimakon malamai.

Ta hannu ce, daga Kano aka sayo ta, kuma da ruwa ake sanyaya ta: famfo ya tura ruwan cikin tiyo, ya bi ta kan ƙwaƙwalwarta ya kwaso zafi, ya kai ƙaramin lagireto fanka ta huce shi, ya dawo. Matashin da aka kira gyara ya fara zargin ƙurar hunturu. Ya bushe lagireto, ya sake man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da farantin tagulla, ya ga ruwa bai ragu ba. Alhamis ta zagayo, ta sake mutuwa.

Sai ya koma kan batirin ko-ta-kwana, wanda ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Ya zare filoginsa daga bango ya zauna jira. Ta ci gaba da aiki, zafinta bai motsa ba. Batiri ya fita daga zargi.

Da na'ura ta ƙi magana, sai ya tambayi mutane, kuma nan ne na ga basirarsa.

"Baba, in an ɗauke wuta wa ke tayar da janareta?"

"Ƙanenka mana, nan take. Sai dai ran Alhamis yana kasuwar Maigatari, yana taya kawunsa sayar da awaki. Ni kuwa tunda batiri na riƙe, sai na kai ƙarshen abin da nake yi."

Ashe ba ranar ba ce, tsawon jiran ne. To amma me ya sa gwajinsa bai nuna komai ba? Wannan karon bai taɓa filogi ba, babban makunnin shagon ya kashe gaba ɗaya. Fanka na juyawa, allo na haske. Ya ɗora yatsa kan tiyo: 'yar karkarwar nan ta ruwa mai tafiya ta tsaya cak. Lambar zafi a allo ta yi ta hawa, ta doshi digiri 100, ƙwaƙwalwar ta rage gudu, sannan ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Ya ja tebur. Wata baƙar waya ta fito ta bayan akwatin kwamfutar ta shige wani soket daban a gindin bango. Famfon ba irin na kwamfuta mai bolt 12 ba ne, na tankin kifi ne mai cin wutar gida, bolt 230. Idan wuta ta tafi, batiri ya riƙe kwamfuta, famfo kuwa ya kwanta. Ranar gwajin farko soket ɗin famfon na da wuta, shi ya sa asirin bai tonu ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali ba sumar ba ce. An huda ƙarfen akwatin an zura wayar ba tare da zoben roba ba, bakin ƙarfen ya ci rigarta har jan tagulla ya kusa leƙowa. An haɗa ta da salatif daidai ƙarƙashin mahaɗar tiyo, inda ɗigo ɗaya ya isa. Soket ɗin kuma ba shi da wayar ƙasa. Da baƙar wayar ta taɓa ƙarfe, duk jikin akwatin zai ɗauki wuta, ga yara na shigowa ba takalmi.

Ana iya shigar da wutar gida cikin akwati yadda ya dace: a ɗauko ta daga batirin, a sa fis, a bi da ita ta makunni mai maganaɗisu wanda wayar rawaya mai bolt 12 ke kunnawa, don famfo ya tashi tare da kwamfuta, a rufe mahaɗar cikin akwatin roba nesa da ruwa, a ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfe. Amma batura masu araha ba sa ba da wuta mai santsi, irin wannan famfo kan tsaya yana gurnani bai juya ba. Don haka matashin ya cire shi, ya sa mai bolt 12 da ke shan wuta daga cikin kwamfutar, kuma a ganina ya yi daidai.

Duk wanda ya sayi kwamfuta ta hannu mai ruwa, ya leƙa bayanta. In ya ga wayar wutar gida fiye da ɗaya, kada ya kunna sai mai wayarin ya duba.