Tsai da ayyukan kwamfuta da yawa a lokaci guda: lallashi kafin ƙarfi

Wani lokaci kwamfuta takan cije ana tsakiyar aiki, don kuwa ayyuka sun yi mata yawa. A nan ne ma'aikacin da ya iya rubuta mata umurni yake cin moriyar iliminsa.

A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Amurka cikin 1969, da Linux da ya bi sawunsa cikin 1991, kowane aiki yana da lambarsa. Umurnin kill lamba yake bi, ko guda goma aka jera masa. Shi kuwa pkill, wanda ya fito cikin 1998, suna yake bi: duk aikin da sunansa ya ƙunshi haruffan da aka rubuta zai tsaya. Saboda haka mai hankali yakan fara da pgrep -l, ya ga jerin waɗanda abin zai shafa.

Saƙo iri biyu aka fi aika wa ayyukan. Mai lamba 15, wanda ke tafiya in ba a faɗi wata lamba ba, roƙo ne: aikin yana iya adana abin da ke hannunsa, sa'an nan ya rufe. Mai lamba 9 ba ya jira. Rahoton da aka wuni ana bugawa yana iya salwanta nan take.

A kuma yi hattara da killall: a Linux suna yake bi, amma a tsarin Solaris ayyukan na'urar kaf yake kashewa. Sannu ba ta hana zuwa.