Tukwanen Ladi Kwali: Abin da ya Inganta da Abin da bai Inganta ba

Tun da aka sa hoton Ladi Kwali a bayan takardar naira 20, kuma labari ya bazu cewa tulunanta na kai dubban fam a gwanjon London, zantuka suka yawaita a bakin dillalai da masu tsofaffin kaya a gida, har ya zama wajibi a tsaya a rarrabe sahihi da ƙage.

Mafi yaɗuwa cikinsu shi ne wai duk tulun da aka ga ƙadangare, ko kunama, ko hawainiya a jikinsa aikinta ne. Wannan kuskure ne bayyananne, domin zanen dabbobin nan gadon matan Gwari ne tun kafin a haife ta, kuma a makarantar ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, akwai waɗansu magina irin su Halima Audu da Asibi Ido da suka bi wannan tafarki da gwaninta. Hujjar da masana ke nema ita ce hatimi biyu da akan danna a jikin yumɓu tun yana ɗanye: ɗaya haruffan LK, ɗaya kuma sunan Abuja da rubutun ajami. Sai dai hatimi abu ne da mayaudari ke iya kwaikwaya, saboda haka mai hankali yakan nemi isnadin tukunyar, ya san wanda ya saye ta da fari da hannuwan da ta bi, kamar yadda malamin hadisi ba ya karɓar ruwaya sai ya san masu ruwaitowa.

Akwai kuma masu cewa Bature Michael Cardew ne ya koya mata sana'ar, maganar da nake ganin zalunci ce ga baiwar Allah nan. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Cardew ya fara ganin tukwanenta, alhali ta riga ta shahara, kuma sai a 1954 ta shiga makarantar, mace ta farko a cikinta. Abin da ta ƙaru da shi can shi ne aiki da faifan juyi, da shafen ƙyalli, da gashi a matoya mai tsananin zafi.

Daga nan ne ake samun alamar da ba ta ruɗi. Tulun da aka gasa haka yakan yi nauyi ƙwarai, kuma ba ya tsatsafar da ruwa, don haka ba ya sanyaya shi kamar randar gida. Wanda duk ya zo maka da tulu marar nauyi, marar shafe, ya ce daga waccan matoya ya fito, to, ka yi tawakkufi.

Zancen tsada kuwa gaskiya ne, amma da sharaɗi. Manyan tulunan da ta gina da hannu su ne masu darajar nan, alhali faranti da kofuna da akussan da ta juya a faifai, ko da suna ɗauke da hatiminta, kuɗinsu bai kusa da haka ba. Tsaguwa ko facin da aka ɓoye yakan rage farashi matuƙa, shi ya sa mai saye yakan ƙwanƙwasa tulun da yatsa ya saurari amonsa kafin a shiga ciniki.