Sinadarin Takin Gona Zai Zama Man Mota?

Duk malamin gona ya san takin zamani da a ke kira yuriya. Amma ba kowa ya san cewa tushensa wata iska ce mai warin gaske, mai suna amoniya ba. To, wannan iska ita ce masana su ke so ta tuƙa motoci da jiragen ruwa maimakon fetur.

Dalili kuwa shi ne, fetur da man dizal suna ɗauke da kabon. In an ƙone su sai su fitar da iskar da ke ƙara wa duniya zafi. Ita amoniya ba ta da kabon ko kaɗan. Abu biyu ne kurum a cikinta, watau naitirojin, wanda ya fi yawa cikin iskar da mu ke shaƙa, da haidirojin. Wani Bajamushe, Fritz Haber, shi ya gano hanyar haɗa su a 1909, sa'an nan Carl Bosch ya kafa masana'antar farko a Oppau a 1913.

Shi haidirojin makamashi ne mai tsabta, gama in ya ƙone ruwa ne ke saura. Amma ɗaukarsa aiki ne ja, don ba ya zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifiri. Amoniya kuwa digiri 33 ƙasa da sifiri ya ishe ta, ko kuma a matsa ta cikin tanki kamar gas ɗin girki. Abin mamaki, tanki ɗaya na ruwan amoniya ya fi tanki ɗaya na ruwan haidirojin yawan haidirojin. Saboda haka ana iya yi mata lodi zuwa nesa, a can a raba ta, a zuba wa mota haidirojin. An gwada haka a Birisben ta Ostareliya a 2018, motoci kuma suka tafi lafiya.

Ƙona ta kai tsaye ma ba sabon abu ba ne. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da man dizal ya yi wuya a Beljiyam, da amoniya haɗe da gas ɗin kwal aka riƙa tuƙa bas-bas. A 2024 kuma Japan ta sa wani jirgin jan jirage mai suna Sakigake aiki da ita.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Na farko, amoniya guba ce. Tana ƙona ido da huhu. A 1992 wani tankinta ya fashe a Dakar, mutum fiye da 100 suka rasu. Na biyu, ba ta da ƙarfin man dizal: tafiyar da galan ɗaya na dizal zai yi, sai an ba ta wajen galan 3. Na uku, ba ta saurin kama wuta, sai an taimaka mata da wani mai, kuma in injin bai daidaita ba tana fitar da wata iska mai cutarwa. Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, kusan duk amoniyar da a ke yi a duniya daga gas na ƙasa ko kwal a ke samo haidirojin ɗinta, hayaƙin kuma yana fita a masana'anta. Ba za ta tsarkaka ba sai an ciro haidirojin daga ruwa da lantarkin rana ko na iska, wannan kuwa ya fi tsada.

Don haka masana sun fi sa rai a kan jiragen ruwa da manyan injuna, inda ƙwararru ke kula da tanki. Sa'an nan akwai abin lura ga manoma: yawancin amoniyar duniya taki a ke yi da ita. In jirage suka shiga neman ta ba a ƙara yawan wadda a ke yi ba, buhun taki na iya tashi.