Irin salati: barci ne, ba mutuwa ba

Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a da su rungumi noman rani, garake sun yawaita a kewayen birnin Yamai. Amma akwai abin da ke ɓata ran masu garka na Talaje: mutum ya shuka salati farkon Oktoba domin ya riga kowa kai wa kasuwa, ya yi ban-ruwa kwana goma, ko tsiro ɗaya babu a fangali. Sai ya zubar da sauran irin, ya ce mai sayarwa ya cuce shi.

Sau da yawa irin nan na da rai. Salati, kamar wasu furannin da ake shukawa lokacin ɗari, ba ya son zafi. In zafin ƙasa ya wuce digiri 30, ƙwayar takan shiga barci, alhali kuwa a Oktoba zafin rana a Yamai na wuce 35. Irin da aka girbe sabo ya fi nauyin barci, sai ya yi ƴan watanni a ajiye.

Saboda haka a shuka da marece, a yi wa fangali inuwa da zana, kada a binne ƙwaya da zurfi, domin tana son haske. Mai shakka ya ƙirga ƙwaya 100, ya naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye gindin tulu. Bayan kwana 7 ya ƙirga waɗanda suka tsiro.

Irin albasar Galmi kuwa, nasa daban ne: in ya wuce shekara a ajiye cikin zafi, ƙarfinsa raguwa yake yi, jira ba ya tashe shi.